Helsinki zuwa Tokyo: Tafiyar Awa 9 da Ta Koma Awa 13

Da yammacin 9 ga Maris, 2022, jirgin Airbus A350 na kamfanin Finnair na ƙasar Finland ya tashi daga filin jirgin Helsinki-Vantaa zai tafi Tokyo. Lambar tafiyar AY73, wadda fasinjojin hanyar suka saba da ita shekara da shekaru. Abin da ya sauya shi ne inda jirgin ya sa gaba, domin Rasha ta rufe wa jiragen Turai sararinta. A da, yana tashi yake karkata arewa maso gabas, kafin a fara raba abinci ya riga ya shiga Rasha. Ran nan kuwa sai ya miƙe arewa sak, ya wuce tsibiran Svalbard na Norwe, ya haye ƙololuwar arewacin duniya, ya gangaro ta Alaska, ya ratsa tekun Bering, ya bi Kamchatka daga nesa ba tare da ya taɓa sararinta ba, sannan ya sauka filin jirgin Narita na Tokyo. Tafiyar da ake yi cikin awa 9 da ɗoriya ta ci kusan awa 13.

Duk wanda ya shiga intanet ya nemi nisan da ke tsakanin biranen nan biyu, amsa ɗaya zai samu, kafin 2022 da bayanta: kimanin kilomita 7,800. Jirgin ranar kuwa wajen kilomita 11,000 ya shafe. Ƙarin kaɗai ya kusa kai tafiyar Kano zuwa Jidda gaba ɗayanta.

Da wuya a sami hanyar da ta fi wannan nuna cewa lambar da ake ba mutum in ya tambayi nisan gari da gari ta jirgin sama somin-taɓi ce. Bayanta akwai izinin ƙasashe, da iska, da mai, da agogo. Kamfani guda ya kafa kasuwancinsa kan waccan lamba ta 7,800 na wajen shekara 30, cikin kwana huɗu ta daina yi masa amfani.

Yadda Helsinki ta zama bakin hanya

Taswirar da aka saba liƙawa a bangon aji, irin zanen da Gerardus Mercator ya fito da shi a 1569, shimfiɗaɗɗiya ce, tana kuma buɗa ƙasashen arewa har su yi girman da ba su kai ba. A kanta Helsinki can take a lungu, ba kan hanyar kowa ba. In ka aza rula daga Landan zuwa Tokyo, layin zai bi ta Jamus da Yukren da Kazakistan da Sin, bai ko kalli Finland ba.

Sai dai duniya dunƙulalliya ce. Kife ƙwarya, ka yi alama biyu a jikinta nesa da juna, ka ja zare tsakaninsu ya yi tauri. Zaren ba zai zagaya ta wajen baki ba, hawa zai yi ta wajen doro. Layin da zaren ya kwanta a kai shi masana ke kira babbar da'ira, kuma babu hanyar da ta fi shi gajarta tsakanin wurare biyu a bayan ƙasa. In aka ja shi daga yawancin biranen Turai zuwa Japan, ta saman Sweden da Finland yake bi, ko daf da su, kafin ya faɗa Siberiya. Wato mutumin da ya taso daga Madrid ko Milan ko Manchester zai je Osaka, in ya sauka Helsinki ya canja jirgi, kusan bai kauce wa hanya ba. Daga Landan zuwa Tokyo wajen kilomita 9,600 ne, daga Frankfurt wajen 9,400, daga Helsinki 7,800. A cikin manyan filayen jiragen Tarayyar Turai babu wanda ya fi ta kusa da Japan.

Shi kansa layin Helsinki zuwa Tokyo yana hawa ne har wajen digiri 67 a arewa, sannan ya gangaro ta gabashin Siberiya zuwa Tekun Japan. Mafi yawansa a kan ƙasa ɗaya yake kwance, ƙasar da ta haɗa iyakar kilomita 1,340 da Finland.

Sama ma da mai ita

Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda har yau ita ce ginshiƙin dokokin sufurin sama, a sashenta na farko ta ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin samaniyar da ke kanta. A zaman aka yi wata yarjejeniyar ta daban, wadda ƙasashen da suka sa mata hannu suka yarda jiragen juna su riƙa ratsawa ba tare da tsayawa ba. Tarayyar Sobiyet ba ta shiga wannan ba, Rasha da ta gaje ta ma ba ta shiga ba. Saboda haka ratsa Siberiya bai taɓa zama haƙƙin wani kamfani ba. Alfarma ce da ake ciniki a kanta, ƙasa da ƙasa.

A zamanin Yaƙin Cacar Baka ƙofar a rufe take. Mai zuwa Japan daga Turai ta kudu yake bi, ana tsaye-tsaye a Gabas ta Tsakiya da Indiya da Bangkok, tafiyar ta haura awa 50. A Fabrairun 1957 kamfanin SAS na ƙasashen Scandinavia ya buɗe hanyar Copenhagen zuwa Tokyo ta ƙololuwar arewa, da tsayawa shan mai a Anchorage ta Alaska, aka dawo wajen awa 32. Sauran kamfanoni suka bi sahu, Anchorage ta zama mashaya. Japanawa masu zuwa Turai a shekarun 1970 sun san filin jirginta kamar gida, har wani ɗan kantin taliyar udon da ke ciki ya yi suna a Japan. A 1967 kamfanin Japan Airlines da Aeroflot na Sobiyet suka fara haɗin gwiwa tsakanin Tokyo da Mosko, amma da jirgin Sobiyet da matuƙan Sobiyet, kuma ko da aka sassauta daga baya, tsayawa a Mosko dole ce.

Kuskuren hanya a lokacin da rai ake biyansa. A Afrilun 1978 jirgin Korean Air da ya taso daga Faris zai bi ta Anchorage ya rikice a can arewa, ya juyo ya shiga sararin Sobiyet ta yankin Kola. Aka harbe shi, matuƙin ya samu ya saukar da shi a kan wani daskararren tafki a Karelia, ba nisa da iyakar Finland, mutum 2 suka rasu. Ranar 1 ga Satumba, 1983, wani jirgin kamfanin, mai lamba 007, ya kauce hanya bayan ya bar Anchorage, aka kakkaɓo shi kusa da tsibirin Sakhalin da mutum 269 a ciki. Bayan wannan ne Shugaba Ronald Reagan ya sanar cewa Amurka za ta bar farar hula su yi amfani da GPS.

A shekarar ta 1983, 'yan watanni kafin wancan bala'i, Finnair ya fara abin da babu kamfanin Yammacin Turai da ya taɓa yi: Turai zuwa Japan ba tsayawa. Jirgin DC-10 ne da aka ƙara wa tankunan mai a cikin ma'ajiyar kaya, ya bi ta ƙololuwar arewa da mashigin Bering, awa 13. Fasinjoji har takardar shaida ake ba su cewa sun haye kan duniya. Ashe hanyar da aka bi a Maris ɗin 2022 tsohuwar hanya ce aka karkaɗe wa ƙura, kuma cikin matuƙan da suka ja jirgin akwai ɗan ɗaya daga matuƙan 1983. Takardar shaidar ma an dawo da ita.

Kasuwancin da aka ɗora kan awa 24

Daga tsakiyar shekarun 1980 Mosko ta fara barin jiragen waje su ratsa Siberiya ba tare da sauka ba, bayan rushewar Sobiyet kuma ƙofar ta ƙara buɗewa. Ba kyauta ba. Ban da kuɗin jagorancin jirgi da kowace ƙasa ke karɓa, Rasha ta ɗora wa kamfanonin Turai wani haraji na musamman, ɗaruruwan miliyoyin Yuro a shekara, mafi yawansa yana shiga aljihun Aeroflot, wato abokin gogayyarsu. Tarayyar Turai ta yi ta ƙorafi. A Nuwamban 2006, a taron Tarayyar Turai da Rasha da aka yi a Helsinki ɗin, aka cim ma matsaya cewa za a janye harajin kafin 2014, maganar ta tsaya a takarda. Kamfanoni suka ci gaba da biya, don ko da harajin hanyar ta fi zagaye sauƙi nesa ba kusa ba.

Finland ƙasa ce mai mutum miliyan 5.5 ko ɗan fiye. Da 'yan ƙasar kaɗai kamfaninta zai dogara, manyan jirage biyu ko uku sun ishe shi. Abin da ya sa Finnair ya girma fiye da gidansu wani lissafi ne na agogo, kuma a nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, don shi ne zuciyar lamarin.

Jirgi ya tashi Helsinki da misalin ƙarfe 5:30 na yamma. Awa 9 da rabi, ya sauka Tokyo da hantsi, wajen 9 na safe agogon can. A sauke fasinja, a share, a sha mai, a loda abinci da kaya, awa 2. Ƙarfe 11 ya ɗaga, ya yi awa 10 da 'yan mintoci yana fuskantar iska, ya sauka Helsinki wajen 3 na rana. Fasinjojin su bi ta wani ɗan gajeren zaure su hau ƙananan jiragen da ke jiransu zuwa Faris da Rum da Barcelona da Prague, filin jirgin yana alfahari cewa minti 35 sun isa canjin jirgi. Waɗannan ƙananan jiragen dama su suka kawo masu tafiya Asiya da rana. Shi kuwa babban jirgin, kafin 5:30 ya sake shiryawa. Zuwa da dawowa cikin kwana guda cur, jirgi ɗaya yana riƙe da hanya ɗaya kullum.

Daga Landan ko Faris wannan ba ya yiwuwa. Awa 11 zuwa 12 kowane ɓangare, in aka haɗa da tsayuwa a ƙasa an haura awa 24, don haka jirgi ɗaya ba zai riƙe tafiyar kullum ba. Jirgin da kuɗinsa ya haura dala miliyan 100, duk awar da ya yi a ƙasa yana jira asara ce. Kilomita 1,800 zuwa 1,900 da Helsinki ta fi su kusa ita ta ajiye Finnair a ƙasan wannan layi na awa 24, su kuma a samansa.

A kan haka aka yi ta gini. Kamfanin ya yi odar A350 guda 19, ya zama na farko a Turai da ya karɓi jirgin a Oktoban 2015. Hukumar filayen jiragen ƙasar ta zuba sama da Yuro biliyan 1 wajen faɗaɗa filin Helsinki, aka cika shi da alluna cikin Japananci da Sinanci da Koriyanci. Zuwa ƙarshen 2019 Finnair na zuwa birane biyar a Japan, Tokyo da Osaka da Nagoya da Fukuoka da Sapporo, ga jerin biranen Sin, ga Seoul. A shekarar ya ɗauki fasinja wajen miliyan 14.7, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na kuɗin tikiti daga hanyoyin Asiya suka fito.

Kwana huɗu

Korona ce ta fara durƙusar da shi, don Japan da Sin sun fi kowa daɗewa da ƙofa a rufe. Ana cikin lissafin farfaɗowa sai Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu, 2022. Ranar 27 Tarayyar Turai ta sanar da hana jiragen Rasha shiga sararinta. Washegari Mosko ta mayar da martani, ta haramta wa kamfanonin ƙasashe 36 nata sararin. Hannun jarin Finnair ya zube da wajen kashi 20 cikin 100 a yini guda, kamfanin ya soke tafiye-tafiyen Japan da Koriya da Sin, ya janye hasashen kuɗin da ya yi na shekarar.

Abin tambaya shi ne me ya sa ya koma Tokyo bayan kwana tara kacal, alhali Japan ba ta buɗe wa masu yawon buɗe ido sosai ba sai Oktoba. Amsar tana ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji. Kifin salmon na arewacin Norwe da manyan motoci ake kawo shi Helsinki, a loda shi cikin jirgi cikin ƙanƙara, ya isa kasuwannin Japan ɗanye shataf. Da rufe Rasha wurin ɗaukar kaya tsakanin Turai da Asiya ya yi ƙaranci, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo. Kifi da sauran kaya su suka biya man tafiyar a watannin farko, kujeru da yawa kuwa babu kowa a kansu.

Hanya biyu ce ta rage. Ta arewa ita ce wadda aka bayyana a sama. Ta kudu kuwa sai jirgi ya fara juya wa Japan baya: ya gangara ta ƙasashen Baltik, ya kauce wa yankin Kaliningrad na Rasha, ya kauce wa Belarus wadda jiragen Turai suka daina ratsawa tun Mayun 2021, ya kauce wa Yukren, ya bi ta Poland da Romaniya zuwa Turkiyya, ya matse ta tsakanin Rasha da Iran a kan Jojiya da Azabaijan, ya haye Tekun Kaspiyan, sannan Asiya ta Tsakiya da Sin da Koriya ta Kudu. Awa biyu zuwa uku na farko duk gangara kudu ake yi, ba a matsa kusa da Tokyo da abin kirki ba.

Wadda za a bi a kowace rana iska ke zaɓa. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12, akwai wani rafin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, kuma a kan Japan lokacin sanyi gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, shi ya fara auna shi da balan-balan a shekarun 1920. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa, in iskar tana bayansa da ƙarfin 150, yana cin ƙasa 1,050. In tana gabansa, 750. A tafiyar awa 13 wannan bambanci ya fi ƙarfin 'yan ɗaruruwan kilomita na tsawon hanya. Shi ya sa sau da yawa ake tafiya ta kudu iska na turawa, a dawo ta arewa inda ba ta da ƙarfi sosai. Masu tsara tafiya a ofis ba gajeriyar hanya suke nema ba, wadda za ta fi ƙarancin mai da lokaci a wannan daren suke nema, kuma kwamfuta na sake lissafin kafin kowane tashi.

Hanyar arewa da nata sharuɗɗan. A350 inji biyu gare shi, doka kuma ta ƙayyade iya nisan da jirgi mai inji biyu zai yi daga filin da zai iya saukar gaggawa in ɗaya ya mutu, abin da matuƙa ke kira ETOPS. Hukumomin Turai sun amince wa wannan jirgi har minti 370. A da, filayen Siberiya ne madogara. Yanzu sai irin su Svalbard da arewacin Kanada da Fairbanks da Anchorage, kuma in yanayi ya ɓaci a ɗaya daga cikinsu lissafin ranar ya canja. Kusa da ƙololuwa kamfas na maganaɗisu ba ya da amana, sai a koma wa na'urorin da ke auna arewa ta haƙiƙa. Taurarin ɗan'adam masu tsaye a saman ikweta ba sa hango abin da ya wuce wajen digiri 82, don haka magana da ƙasa sai ta rediyo mai dogon zango ko taurarin sadarwa na kamfanin Iridium. Man jirgi yana fara daskarewa a digiri 47 ƙasa da sifiri, matuƙa na sa ido kan zafinsa a cikin fukafukai, in ya kusa sai a sauko ƙasa kaɗan ko a ƙara gudu. Ana kuma ɗaukar kayan sanyi na musamman ko da za a sauka inda ba a shirya ba. Fasinja ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi dai in ya ɗaga labulen taga, farin ƙanƙara ne har iyakar gani, ko duhu da hasken nan mai launin kore da ke rawa a samaniyar arewa.

Abin da ƙarin awa huɗu ya ci

Mai ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100 a kowace tafiya, a daidai watan da gangar ɗanyen mai ta haura dala 120. Man kansa nauyi ne, ɗaukarsa ma mai yake ci, kuma duk tan ɗin da aka ƙara na mai na iya rage na kaya. Matuƙa uku sun koma huɗu, hutun ma'aikata a can ya tsawaita.

Amma babbar asarar ita ce ta agogo. Awa 13 zuwa, awa 13 dawowa, an riga an wuce kwana tun kafin a lissafa tsayuwa. Jirgin da ya sauka Tokyo yanzu sai ya jira dare ya taso, ya iso Helsinki da asuba don ya haɗu da jiragen safe. Hanyar da jirgi ɗaya ke riƙewa ta koma cin kusan biyu. Jiragen A330 guda 8 da kamfanin ke da su, waɗanda ke zuwa Asiya lafiya lau ta Siberiya, ba su da zangon sabuwar hanyar da cikakken kaya. Helsinki kuma ta tashi daga ta kusa ta koma cikin na nesa, domin a hanyar kudu duk wanda ke Vienna ko Munich ya riga ta isa Turkiyya. Ɗan Italiya da zai je Osaka, in ya bi ta Helsinki yanzu arewa zai hau ya sake gangarowa ta kusa da inda ya baro. Faɗuwar wani tashin wani: Istanbul da Doha da Dubai suka kwashi rabonsu.

Alhazan Najeriya sun ɗanɗani irin wannan a ƙaramin ma'auni. Layin Kano zuwa Jidda, kimanin kilomita 3,400, ta Chadi da Sudan ya ratsa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin Sudan ana saura 'yan makonni a fara jigila, jirage suka koma zagaye, kamfanoni suka tsaya kai da fata sai an ƙara musu kuɗi a kan abin da suka yi da hukumar alhazai ta NAHCON. A Agustan shekarar sojojin Nijar suka rufe nasu sararin na kusan wata guda, jiragen Turai masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka su ma suka sha zagaye.

An yi kuskure ne?

Da sauƙi a ce zanen aro ba ya rufe katara, a wuce. Gaskiya ne alama ta bayyana tun da wuri. A 2014, bayan mamaye Kirimiya da takunkumin farko, firaministan Rasha na lokacin, Dmitry Medvedev, ya fito fili ya ambaci yiwuwar rufe wa kamfanonin Yamma hanyar Siberiya. Ba a rufe ba, Finnair kuma ya ci gaba da ƙara birane a Asiya.

Duk da haka ni ban ga wauta a ciki ba. Ƙaramar ƙasa ce a gefen nahiya, da fa'ida guda tak da babu wanda zai iya kwaikwaya, ta ci moriyarta shekara 30. Da ta ƙi ci don tsoron ranar da za a rufe, da ba ta da kamfanin da za a yi maganarsa. Inda na ga sakaci shi ne rashin ƙafa ta biyu: hanyoyin Amurka da Indiya da Gabas ta Tsakiya an bar su ƙanana har sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Abin da ya cece shi kuwa, A350 ne. An saye shi don tafiyar kilomita 8,000, alhali yana iya yin wajen 15,000. Wannan rarar zango da ake gani kamar almubazzaranci ita ta sa bai fita daga Japan ba.

Sauran gyaran na neman mafita ne. A Satumban 2022 shugaban kamfanin na lokacin, Topi Manner, ya fitar da sabon tsari da aka gina kan cewa Rasha za ta daɗe a rufe. An buɗe Dallas da Seattle da Mumbai. An ƙulla da Qatar Airways, jiragen Finnair suka fara zuwa Doha daga Helsinki da Stockholm da Copenhagen. An ba British Airways da wani reshen Lufthansa hayar jirage da ma'aikatansu, daga Oktoban 2023 kuma A330 suka fara yi wa kamfanin Qantas na Ostareliya aiki tsakanin Sydney da Singapore, daga baya da Bangkok. Jirgin Finland da matuƙan Finland suka koma dako a Ostareliya, saboda hanyar da aka saye shi dominta ta toshe. An rage albashi da kashe-kashe, gwamnati mai rinjayen hannun jari ta tallafa, a ƙarshen 2023 aka tara wajen Yuro miliyan 570 ta sayar da sababbin hannayen jari. A shekarar kamfanin ya koma cin riba. Japan ta dawo sannu a hankali, filin Haneda na Tokyo a Oktoban 2022, Osaka a 2023, Nagoya a 2024, domin a can kowa zagayen yake yi. Kamfanonin Japan, Japan Airlines da ANA, ba a hana su ratsa Rasha ba, su da kansu suka daina, don haka gasar daidai take.

Sin ce ba ta dawo ba. Kamfanonin ƙasar ba su daina bi ta Siberiya ba. Tsakanin Helsinki da Shanghai, Juneyao Air na ƙasar Sin na bin tsohon layin nan, Finnair na zagaye, birane biyu iri ɗaya amma tazarar awoyi a tsakani, da tazarar tan-tan na mai da ke fitowa a kuɗin tikiti. Ba Finnair kaɗai abin ya shafa ba. A ƙarshen 2024 British Airways ya dakatar da Beijing, Virgin Atlantic ya bar Shanghai, Lufthansa ya janye daga Frankfurt zuwa Beijing, SAS ya rufe Copenhagen zuwa Shanghai.

Ko da za a wayi gari an buɗe, komawa ba za ta zo da sauri ba. Finland ta shiga ƙungiyar NATO a Afrilun 2023, ta rufe mashigan iyakarta ta ƙasa da Rasha a ƙarshen shekarar. Rasha ta riƙe wajen jirage 400 na haya mallakar kamfanonin waje tun 2022, masu inshora ba su manta ba. Ga kuma tambayar abin da zai faru in jirgi ya sami matsala a tsakiyar Siberiya. An ga samfurinsa a Yunin 2023, lokacin da jirgin Air India da ya taso daga Delhi zai je San Francisco ya yi saukar gaggawa a Magadan ta gabashin Rasha saboda matsalar inji. Garin ba shi da masaukin da zai ɗauki mutum sama da 200, fasinjoji suka kwana kan katifu a wata makaranta, sai bayan fiye da kwana guda wani jirgin ya zo ya kwashe su. Wannan jirgin Indiya ke nan, ƙasar da ke ɗasawa da Mosko. A350 na Finnair rajistar Tarayyar Turai gare shi da injin Rolls-Royce na Birtaniya, kuma takunkumin da ke aiki ya haramta shigar da kayan gyaransa cikin Rasha.